Gerty Cori: Matar Da Ta Laluɓo Makunnin Jikin Ɗan'adam

Duk wanda ya taɓa yin azumi a lokacin bazara ya san cewa tsakanin sahur da buɗa-baki akwai sa'o'i goma sha uku zuwa sha huɗu waɗanda ko ƙwayar hatsi ba ta shiga cikinsa, amma duk da haka yana zuwa kasuwa, yana zama a ofis, yana lissafi, yana karatu. Masana sun tabbatar da cewa gaba ɗayan sugan da ke yawo a cikin jinin babban mutum a lokaci guda bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato cikin cokalin shayi, alhali ƙwaƙwalwa kaɗai tana cin kimanin giram 120 a kowace rana. To, daga ina sauran yake fitowa? Amsar ita ce Allah Ya yi wa jiki rumbu, inda ake tara suga a dunƙule cikin wani sinadari da ake kira gilaikojin, kimanin giram 100 a hanta, kimanin giram 400 kuma a tsokoki. Rumbun nan yana da mai tsaro, wanda yake buɗewa idan ana bukata, ya rufe idan an ƙoshi. Wadda ta kama wannan mai tsaro, ta fito da shi fili har aka gan shi da ido, ita ce nake so in ba da tarihinta a yau.

Ɗalibanmu na likitanci, daga Zariya zuwa Kano, Sakkwato da Maiduguri, babu wanda zai fita daga aji biyu bai haddace abin da ake kira zagayen Cori ba. Sai dai da za a tambaye su ko wane ne Cori, ina kyautata zaton da yawa za su ce wani Bature ne. Alhali kuwa mutum biyu ne, miji da mata, kuma matar ce ta fi shan wuya kafin a yarda a rubuta sunanta.

An haifi Gerty Theresa Radnitz ranar 15 ga Agusta, 1896 a birnin Prague, wanda a wancan zamani yake ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari, a yau kuma shi ne babban birnin Jamhuriyar Cek. Iyayenta Yahudawa ne masu rufin asiri, ita ce babba cikin 'ya'ya mata uku. Mahaifinta, Otto Radnitz, masanin haɗa sinadarai ne, kuma manajan masana'antar tace suga, ka ce dai tun daga gida aka ɗaura mata aure da suga. A gida aka koyar da ita har ta kai shekara goma, sannan aka sa ta makarantar 'yan mata, irin wadda ake shirya yarinya don ta zama uwargida mai wayewa, inda ba a damu da Latin da lissafi da kimiyya ba. Da ta kai shekara 16 sai wani kawunta, farfesan cututtukan yara, ya ƙarfafa mata gwiwar karatun likita. Jami'a kuwa ba ta karɓar kowa sai da waɗannan darussa da makarantarta ta tsallake. Cikin shekara guda ta haɗiye karatun da samari ke yi a shekaru da dama, ta zauna jarrabawa ta ci, a 1914 ta shiga sashen likitanci na jami'ar Jamusawa da ke Prague.

A nan ta haɗu da Carl Cori, sa'anta a shekaru, wanda ya tashi a Trieste inda mahaifinsa yake shugabantar wata cibiyar nazarin halittun teku. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba su na ɗan lokaci, domin an ɗauke shi aikin lafiya a rundunar Ostiriya a fagen dagar Italiya. Ya dawo, suka kammala karatu tare a 1920, a shekarar kuma suka yi aure a Biyana, bayan ta koma ɗariƙar Katolika. Biyana ta bayan yaƙi gari ne na yunwa. Gerty tana aiki a asibitin yara na Karolinen, tana bincike kan yadda jiki ke daidaita zafinsa, ita kanta kuma rashin abinci mai gina jiki ya kama ta har ta kamu da bushewar ido, cutar da ƙarancin bitamin A ke jawowa. Ga yunwa, ga ƙiyayyar Yahudawa tana ƙara tsiro a jami'o'i, sai suka ga zama bai gan su ba. A 1922 Carl ya sami aiki a wata cibiyar binciken ciwon daji da ke Buffalo a jihar New York ta Amurka, ita kuma ta bi shi bayan wata shida, a matsayin mataimakiya a ɗakin gwaje-gwaje.

Tun daga nan aka fara. Shugaban cibiyar ya yi mata barazanar kora muddin ba ta daina aiki tare da mijinta ba. Ta yi shiru na ɗan lokaci, ta riƙa sauke aikin da aka ɗauke ta dominsa, sannan suka ci gaba da abinsu. Cikin shekara tara a Buffalo sun wallafa maƙalu kusan hamsin tare, ita kaɗai kuma ta wallafa goma sha ɗaya. A 1928 suka zama 'yan ƙasar Amurka, a 1929 kuma suka bayyana zagayen da ke ɗauke da sunansu. Bayaninsa a taƙaice shi ne, idan manomi ya duƙa yana huɗa, tsokarsa tana ƙona suga da gaggawar da iskar numfashi ba ta iya cimma, sai ta bar wani saura mai suna laktik. Jini ya kwashi wannan saura ya kai hanta, hanta ta sake ƙera shi ya koma suga, jini ya mayar wa tsoka. Babu asara a wannan ciniki. Abin da ya bambanta su da sauran masu bincike na zamanin shi ne awo. Ba su yarda da ƙiyasi ba, sai sun auna abin da ya shiga jikin ɓera da abin da ya fita, lissafi ya daidaita.

Suna ya fita, jami'o'i suka fara zawarcin Carl, amma shi kaɗai. A wata jami'a har an ja Gerty gefe aka shaida mata cewa aikin miji da mata tare ba al'adar Amurkawa ba ce, kuma tana tare wa mijinta hanya. A 1931 Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis ta karɓe su su biyu, sai dai karɓa ce irin ta jeka-na-yi-ka. Shi an ba shi shugabancin sashen ilimin magunguna, ita kuma aka ba ta muƙamin 'yar bincike, da albashin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na nasa ba. Karatunsu ɗaya, takardar shaidarsu ɗaya, teburin aikinsu ɗaya. Ta yi shekara 16 a wannan jami'a kafin a kira ta cikakkiyar farfesa. Idan na tuna da wannan nakan yi murmushi a duk lokacin da aka nuna mana kamar tauye mace mai ilimi ciwo ne da ya keɓanta da mu. Wannan ba uzuri ba ne gare mu, domin su sun gyara da yawa daga cikin nasu, mu kuwa har yanzu akwai likitoci da masana mata da takardunsu ke kwance a ƙasan akwati. Ya kamata kuma a yi wa Carl adalci: ya ƙi manyan kujeru saboda ba a yi tanadin matarsa ba, kuma ba kowane namiji ne zai iya wannan ba, a can ko a nan.

A St. Louis suka bar nazarin dabba sukutum, suka shiga cikin tsoka kanta. A 1936, suna aiki da niƙaƙƙen naman kwaɗo, suka gano wani sinadari da ba a san shi ba, wato suga ɗauke da ɗigon fosfet a gefensa, wanda daga baya aka raɗa masa sunansu. Kafin wannan, abin da aka ɗauka shi ne ruwa ne ke warware gilaikojin ya koma suga. Sai ga shi ashe fosfet ne ake sarawa da shi. A wannan shekarar ce kuma, cikin wani matsanancin zafi da aka yi a garin, ta haifi ɗansu tilo, Tom, kuma an ce daga ɗakin gwaji aka wuce da ita asibitin haihuwa. Bayan haka suka gano ma'aikacin da ke yin wannan sara, suka kira shi fosforiles. A 1939 suka juya aikinsa baya, suka ƙera irin gilaikojin a cikin kwalbar gwaji, ba tare da wata halitta mai rai ba.

A nan sai na ɗan tsaya in yi wa mai karatu shimfiɗa, domin abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake ganin matar nan ta fi ƙarfin a taƙaita ta a zagayen da ɗalibai ke haddacewa. Idan an ce furotin, yawancinmu nama da wake da ƙwai ke faɗo mana a rai. A wajen masana kuwa furotin su ne ma'aikatan jiki. Kowane ɗaya kamar carbi yake, an jera shi da duwatsu iri ashirin, sannan ya naɗe kansa ya ɗauki wata sura ta musamman, surar nan kuma ita ce aikinsa. Waɗanda aikinsu shi ne gaggauta sarrafa sinadarai su ake kira enzayim, fosforiles kuwa ɗaya ne daga cikinsu. A shekarun 1930 ba a ma daɗe da yarda cewa enzayim furotin ba ne, domin sai a 1926 James Sumner ya fara nuna haka, aka kuma daɗe ana musu da shi. Tunanin da ya yi rinjaye shi ne, da zarar an ƙera enzayim, to aikinsa kawai yake yi, kamar dutsen niƙan da ba ya tsayawa sai hatsi ya ƙare. Tambayar da wannan tunani ya kasa amsawa ita ce, in haka ne, me ya hana mai tsaron rumbu ya kwashe rumbun kaf a dare ɗaya?

Tsakanin 1942 da 1943, tare da wata ƙwararriya mai suna Arda Green, suka tace fosforiles daga naman zomo har ya fito tsantsa, ƙwayoyi masu ƙyalli kamar na gishiri. Sai suka tarar da abin mamaki: enzayim ɗin kama biyu gare shi. Akwai nau'in A, wanda a shirye yake, da an ba shi gilaikojin sai aiki. Akwai nau'in B, wanda yake kwance kamar mai barci, ba ya motsi sai an zuba masa wani ƙaramin sinadari mai suna AMP. Bugu da ƙari, Gerty da Arda suka gano cewa a cikin tsokar akwai wani enzayim na dabam wanda aikinsa shi ne mayar da nau'in A ya koma B. Wato ma'aikaci ne da ba suga yake sarrafawa ba, ɗan'uwansa ma'aikaci yake taɓawa ya kashe shi. Wannan ne karo na farko da aka ga alamar cewa jiki yana iya kunna furotin ya kuma kashe shi ta hanyar sauya wani abu a jikinsa, kamar yadda ake yi da makunnin lantarki.

Saura a san mene ne ake cirewa. A nan ne lissafinsu ya kauce. Tunda nau'in B yana bukatar AMP, A kuwa ba ya bukata, sai suka yi zaton A yana ɗauke da nasa AMP ɗin a manne, shi kuma wancan enzayim yana ɓamɓare shi ne. Hasashe ne mai ma'ana, har suka sa wa enzayim ɗin suna a kan haka. Amma da suka nemi AMP ɗin da aka ɓamɓare, sai suka rasa shi. Suka sake nema, babu. Abin da ya burge ni shi ne sun rubuta cewa ba su samu ba, ba su lanƙwasa sakamako don ya dace da ra'ayinsu ba. Cikin matasan da suka zo koyon aiki a wajensu a lokacin akwai wani likita da ya fito daga rundunar sojan ruwa, Edwin Krebs, wanda ya iso a 1946, ya shekara biyu yana hulɗa da wannan enzayim, sannan a 1948 ya tafi Seattle da tambayar a cikin ransa.

Shekarar 1947 ta zo mata da zuma da maɗaci a ƙwarya ɗaya. A cikinta aka ba ta kujerar farfesa. A watan Oktoba aka sanar da cewa ita da Carl sun sami rabin lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci saboda gano yadda jiki ke sarrafa gilaikojin, ɗaya rabin kuma ya tafi ga Bernardo Houssay na ƙasar Ajantina. Ita ce mace ta farko da ta sami lambar a wannan fanni, ta uku kuma a kimiyya baki ɗaya, bayan Marie Curie da 'yarta Irène. Sai dai kafin tafiya Suwidin, bayan wani hawan dutse da suka yi a jihar Colorado inda ƙarfinta ya gaza, likitoci suka gano tana ɗauke da wata cuta da ke sa ɓargon ƙashi ya riƙa rikiɗa yana zama tabo, har ya kasa ƙera jini. Idan ɓargo ya gaza, saifa ce ke ɗaukar nauyin, ta yi ta kumbura. Babu magani a lokacin. Ta je Suwidin, suka raba laccar karɓar lambar ita da mijinta, ta dawo ta koma bakin aiki.

Shekara goma ta yi tana rayuwa da ƙarin jini. An cire mata saifa. An sa mata ɗan gado a ofis inda take kishingiɗa idan jiri ya ɗebe ta. A cikin wannan hali ne ta koma ga marasa lafiyar da ta fara da su a Biyana, wato yara. Akwai wata cutar gado da likitan Jamus, Edgar von Gierke, ya siffanta a 1929, inda yaro zai kasance da ƙatuwar hanta cike maƙil da gilaikojin, amma da ya ɗan jima bai ci abinci ba sai sugansa ya faɗi har ya kai ga jijjiga. Ga rumbu cike, ga mai rumbu yana mutuwa da yunwa. A 1952 ita da Carl suka nuna cewa enzayim guda ɗaya ne ya ɓace a hantar waɗannan yara, wanda ke cire fosfet daga suga don ya sami fita zuwa jini. Wannan yana cikin karo na farko da aka ɗora yatsa a kan enzayim guda aka ce rashinsa ne ya haifar da cutar gado. Ta ci gaba ta rarrabe cutar gida huɗu, kowane da nasa lahanin, ɗaya daga ciki har yau da sunan Cori ake kiransa. Tun daga shekarun 1980 ana kula da irin waɗannan yara da abu mai sauƙi, wato ɗanyen sitacin masara da ake dama musu, wanda hanji ke narkarwa sannu a hankali ya riƙe musu suga cikin dare.

Ba ta saki tsohuwar tambayar ba. A 1953, tare da ɗalibarta Patricia Keller, ta gano cewa idan A ya koma B nauyinsa yana raguwa da rabi, sai aka koma zaton enzayim ɗin raba shi biyu yake yi. Wannan ma gaskiya ce da ba ta cika ba. Amsar ta fito ne daga Seattle a 1955. Krebs, wanda da farko yake jin nauyin shiga gonar malamansa, ya haɗu da Edmond Fischer, haifaffen Shanghai da ya yi karatu a Janeba. Suka lura cewa idan suka tace ruwan tsoka da takardar tacewa, irin yadda su Cori ke yi, nau'in A suke samu, idan kuwa suka yi amfani da injin juyawa sai su sami B. Ashe takardar ce ke zubar da ɗan burɓushin kalsiyam a cikin ruwan, shi kuma yake ta da aikin. Da suka bi sawu sai suka tarar akwai wani enzayim da ke ɗauko ɗigon fosfet daga ATP, sinadarin da ƙwayoyin jiki ke ajiye ƙarfi a cikinsa, ya liƙa shi a jikin fosforiles, nan take B ya farka ya zama A. Enzayim ɗin Gerty kuwa fosfet ɗin nan yake ɓamɓarewa. Ɗigo ɗaya ne a kan dutse ɗaya cikin carbi mai duwatsu fiye da 800, shi ya sa ya kuɓuce wa ma'aunan shekarun 1940. A daidai wannan lokaci wani tsohon ɗalibinsu, Earl Sutherland, ya ga irin haka a hanta.

Wani zai ce ke nan ta yi kuskure, wasu suka gyara. Ni ban kalli abin haka ba. An san akwai fosfet a jikin wasu furotin tun da daɗewa, a madara da gwaiduwar ƙwai, amma an ɗauka guzuri ne kawai da uwa ke yi wa ɗa. Ba don an riga an sami tsantsar enzayim mai kama biyu ba, an kuma san akwai mai juya shi, an kuma rubuta dalla-dalla abin da aka gwada bai yi ba, da Krebs da Fischer ba su san inda za su haƙa ba. Wanda ya haƙa rijiya ya tsaya gaba ɗaya kafin ruwa, ba a ce bai yi aiki ba. Hasali ma mutum shida da suka yi aiki a ɗakin gwajin nan sun sami lambar Nobel daga baya: Severo Ochoa, Arthur Kornberg, Luis Leloir, Earl Sutherland, Christian de Duve da Edwin Krebs, wanda ya karɓi tasa tare da Fischer a 1992. Ɗakin ya kuma buɗe ƙofa ga mata da Yahudawa a zamanin da wasu jami'o'i ke rufe musu, cikinsu har da Mildred Cohn.

Gerty ta ga wannan amsa da idonta, amma ba ta ga inda za ta kai ba. Ƙarfinta ya yi ta raguwa har ta kai Carl ne ke ɗaukarta daga ɗaki zuwa ɗaki. Ta rasu a gidanta ranar 26 ga Oktoba, 1957, tana da shekara 61.

Abin da aka ɗauka dabara ce ta tsokar zomo sai ya zamana ita ce babbar hanyar da jiki ke ba da umarni. Idan kare ya biyo mutum, sinadarin firgita yana bugun ƙofar ƙwayar tsoka, saƙo ya shiga ciki, wannan ya liƙa wa wancan fosfet, wancan ya liƙa wa na gaba, cikin daƙiƙoƙi rumbu ya buɗe ƙafa ta sami ƙarfi. Idan mai azumi ya kai la'asar, wani saƙon ne daga ciki yake kunna fosforiles na hanta ta wannan hanya. Idan ya sha ruwa ya ci dabino, insulin ya zo ya juya makunnin, a koma tarawa. A 1982 aka gano cewa ita kanta ƙofar da insulin ke bugawa mai liƙa fosfet ce, shi ya sa masu binciken ciwon suga suka daɗe suna laluben inda saƙon ke maƙalewa a wannan layi. Masu liƙa fosfet ɗin nan, waɗanda ake kira kaines, an ƙirga su a 2002 aka sami 518 a jikin ɗan'adam.

Kuma fosfet ba shi kaɗai ake liƙawa ba. Asfirin da muke saye a kemis yana aiki ne ta hanyar manna wani ɗan guntun sinadari a kan enzayim ɗin da ke ta da zafi da daskarar jini, ya kashe shi har abada, kuma a jami'ar su Cori aka tabbatar da haka a 1975. Dafin ƙwayar kwalara yana manna wani abu a kan furotin na hanji, makunni ya maƙale a kunne, ruwan jiki ya yi ta tsiyaya. Dafin mashaƙo, cutar da ta yi mana ɓarna a Kano da maƙwabtanta a 2023, irin wannan mannawa yake yi wa injin da ke ƙera furotin, ƙwayar jiki ta mutu. Gwajin HbA1c da ake yi wa masu ciwon suga kuwa, awo ne na yawan sugan da ya manne a jikin furotin ɗin jini cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne ciwon daji. Akwai wata sankarar jini mai tafiyar hawainiya wadda asalinta kaines ne guda ɗaya da ya lalace ya ƙi kashewa, yana ta umartar fararen ƙwayoyin jini su hayayyafa. A 2001 aka amince da maganin imatinib, ƙwaya ce da ke toshe gurbin da kaines ɗin ke karɓar ATP. Cutar da a da take kai mutum kabari cikin 'yan shekaru, sai ga shi fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka bi sawunsu a babban gwajin maganin suna raye bayan shekara goma. A ƙasar nan ma, tun 2003 aka fara ba da shi kyauta ƙarƙashin wani shirin tallafi a asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, inda majinyata daga kowane sashe suka riƙa yin tattaki. Daga naman kwaɗon 1936 zuwa wannan ƙwaya shekara 65 ne. Ina so masu rabon kuɗin bincike a jami'o'inmu, waɗanda tambayarsu ta farko ita ce me za a sayar a ƙarshen shekara, su yi wannan lissafi, su kuma faɗa mini ko da za su sa hannu a takardar wata mata da ta zo neman kuɗin sayen kwaɗi. Magungunan da ke toshe kaines waɗanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su sun haura 70.

Saura cutar da ta kashe ta. A 2005 ƙungiyoyin masu bincike da dama, kowace a nata ɓangaren, suka gano cewa a cikin kimanin rabi ko fiye na masu wannan cuta ta tabon ɓargo, lahanin yana jikin wani kaines ne mai suna JAK2, wanda dutse ɗaya ya sauya a carbinsa, ya maƙale a kunne, yana ta liƙa fosfet ba tare da an umarce shi ba. Daga baya aka ga cewa mafi yawan sauran majinyatan ma nasu lahanin a kan wannan layin yake. A watan Nuwamba na 2011, shekara 54 bayan rasuwar Gerty Cori, aka amince da ruxolitinib, magani na farko da aka yi musamman don wannan cuta. Ba ya warkar da ita, amma yana rage kumburin saifa, yana sauƙaƙa zazzaɓi da gumin dare da rama, kuma aikinsa shi ne hana JAK2 liƙa fosfet.